Jinkiri Tsakanin Yatsa da Amo: Jita Mai Sintesaiza a Hannun Makaɗan Kudancin Kaduna

A ɓangaren birnin Kaduna da ke kudu da kogi, tun daga Kakuri da Barnawa har zuwa Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, kiɗan da ake yi kai tsaye a gaban jama'a sana'a ce da ke ciyar da gidaje, domin majami'un ECWA da Baftis da Katolika da HEKAN da na Fentikos suna da ƙungiyoyin mawaƙa, ga kuma bukukuwan aure da wuraren shaƙatawa da ke ɗaukar makaɗa a ƙarshen mako. Jita ba baƙuwa ba ce a garin, tun zamanin da marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya kafa babbar ƙungiyarsa a Kaduna yana rera waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani. Sai dai ƙungiyar yau ba ta cika wuce mutum biyar ko shida ba, kuma kuɗin da ake biya ba ya isa a ɗauki masu busa, saboda haka fiyano ne ke kwaikwayon ƙaho da sarewa da goge. Jita mai sintesaiza na'ura ce da ke ba mai jita irin wannan dama, amma tana da sharuɗɗan da ya kamata makaɗi ya sani kafin ya zuba kuɗinsa.

Sintesaiza na'ura ce da ke ƙirƙirar sauti ta hanyar lantarki, kuma ita ce ke cikin fiyanon lantarki na zamani. Aikin fiyano mai sauƙi ne, tunda kowane maɓalli makunni ne wanda da an danna shi na'ura ta san amon da ake nufi. Jita kuwa ba ta da makunni, tsirkiya ce kawai ke kaɗawa, don haka dole na'urar ta saurari kaɗawar, ta ƙirga saurinta, sannan ta yanke hukuncin amon da aka buga. Ana yin wannan sauraro da abin da makaɗa ke kira fikof, wato ɗan maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, amma na wannan aiki an raba shi gida shida, kowace tsirkiya da nata kunne, kuma ana liƙa shi dab da jaki, inda tsirkiyoyin suka hau. Abin da na'urar ta gano sai ta mayar da shi saƙon MIDI, wanda shi ne harshen da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983 domin na'urorinsu su riƙa fahimtar juna. Saƙon ba sauti ba ne, umarni ne kawai da ke cewa a fitar da amo kaza da ƙarfi kaza.

A wannan ƙirga ne jinkiri yake samo asali, kuma tushensa yana cikin tsirkiyar kanta. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kai-komo kusan sau 82 a sakan guda, wato kowane zagaye yana cin kimanin milisakan 12, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin 1000 na sakan. Na'urar da ke ƙirga zagaye ba za ta iya tabbatar da amo ba sai ta ga aƙalla zagaye ɗaya cikakke, sau da yawa ma biyu, domin farkon bugun hayaniya ce ta karce wadda ba ta da amo tsayayye. Siririyar tsirkiya tana kai-komo kusan sau 330, zagayenta kusan milisakan 3 ne, ita kuwa kakkaurar tsirkiyar jitar bas sau 41 kawai take yi, wanda ya sa zagaye guda ke cin milisakan 24. Ma'anar wannan ita ce jinkirin ba ɗaya ba ne a faɗin jita: yana raguwa idan hannu ya hau sama, yana ƙaruwa idan ya sauko.

Wannan rashin daidaito ya fi jinkirin kansa wahalar da makaɗi. Ɗan Adam yana sabawa da jinkiri tsayayye ba tare da ya sani ba, domin sauti yana tafiyar mita guda cikin kusan milisakan 3, kuma mai jitar da ya tsaya mita biyar daga lasifikarsa yana zaune da jinkirin milisakan 15 kullum bai taɓa kuka da shi ba. Abin da hannu ba ya iya koya shi ne jinkirin da ke sauyawa daga tsirkiya zuwa tsirkiya a cikin jimlar kiɗa guda. Idan aka haɗa lissafin, za a ga milisakan 24 na sauraron zagaye biyu na kakkaurar tsirkiyar jita, da kusan 1 na tafiyar saƙon MIDI a waya, da 'yan kaɗan na sintesaiza, da 9 na lasifikar da ke nisan mita uku, jimilla ta haura 35, alhali masu ƙera kayan kiɗan lantarki sukan ɗauki 10 a matsayin iyakar da hannu ke jin kayan kiɗa kamar ɓangaren jiki. Wanda ya bi ta kwamfuta yana ƙara wani kaso, tunda kwamfuta tana tara sauti a ma'aji kafin ta sarrafa shi, kuma ma'aji mai ɗaukar gutsure 512 yana cin fiye da milisakan 10 a shiga kaɗai.

Irin kiɗan da ake so a Sabon Tasha da Narayi shi ne mafi tona asirin wannan rauni. Waƙoƙin yabo masu zafi da hailaif da makosa sun dogara ga jita mai ɗiga gajerun amo a tsakanin bugun ganga, ga tafin jama'a, ga tulu da caki na zumuntar mata, kuma a irin wannan saƙa ko ɗan lattin da ba a iya auna shi da ido yana sa kiɗa ya yi nauyi. Jama'a ba za su ce an yi jinkiri ba, cewa za su yi kiɗan ba ya ja. A lokacin waƙoƙin sujada kuwa, inda ake son dogon sauti mai tasowa a hankali a bayan murya, jinkirin yana ɓacewa gaba ɗaya, domin sautin da kansa ba ya farawa da kaifi.

Matsala ta biyu ita ce bin sawu, wato iyawar na'ura ta bi abin da yatsu suka yi ba tare da ƙari ko ragi ba. Jita kayan kiɗa ne mai yawan ƙananan kararraki: yatsa yana goge tsirkiya idan zai sauya wuri, tsirkiyar da ba a taɓa ba tana amsawa da kanta, ɗaga yatsa ma yana haifar da ɗan amo. A kunnen mai sauraro waɗannan su ne gishirin jita, amma na'ura tana ɗaukar kowannensu umarni, sai a ji ƙaho ya yi kururuwa a wurin da ba a kira shi ba, ko amo ya tsallake zuwa sama, ko ya mutu kafin lokacinsa. Maganin yana farawa daga girke fikof. Kamfanin Roland yana ba da shawarar a bar ratar kusan milimita 1 tsakaninsa da tsirkiya idan an danne ta a matakin ƙarshe, sannan a daidaita ƙarfin jin kowace tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Mai gyara yakan sunkuya da ɗan ma'auni siriri kamar reza, ya zura shi ƙarƙashin kowace tsirkiya, ya ƙara ko ya zare ɗan shimfiɗi, domin rabin milimita ya isa ya sa tsirkiya ɗaya ta yi shiru, wata kuma ta yi surutu. Sauran maganin yana hannun makaɗi, wanda dole ya koyi kwantar da tsirkiyoyin da ba ya so da gefen tafinsa, ya kuma buga kamar mai busa idan sautin busa ya zaɓa, tunda sarewa ba ta fitar da amo shida a lokaci guda.

Akwai wani ɓangare da ya shafi kunnen Bahaushe musamman. Goge da kukuma da algaita suna zamewa daga amo zuwa amo, kuma daɗinsu yana cikin wannan zamiya, ita kuwa na'ura idan an bar ta a tsarin da ke tura kowane amo zuwa mafi kusa daga cikin goma sha biyun Turawa, sai ta datse zamiyar ta zama matakala. A nan jita ta fi fiyano, domin idan aka ba kowace tsirkiya tata hanyar MIDI aka kuma buɗe mata damar lanƙwasa amo, jan tsirkiya da yatsa yana fitowa kusa da jan goge fiye da duk abin da maɓalli zai iya.

Tarihin na'urar ya nuna cewa masu ƙera ta sun daɗe suna fama da waɗannan abubuwa. A 1977 kamfanin Roland na Japan ya fitar da GR-500, kamfanin ARP na Amurka kuma ya fitar da Avatar, wadda rashin kasuwarta ya taimaka wajen durƙushewar kamfanin a 1981. GR-300 da Roland ya fitar a 1980, wadda makaɗin jita Pat Metheny ya yi suna da ita, ta bi wata hanya dabam, domin tana gina sautinta kai tsaye daga kaɗawar tsirkiya, kuma har yau ana yaba saurin amsawarta. Wannan tunani ne ya dawo a Boss SY-300 ta 2015, wadda ke karɓar wayar jita ta yau da kullum ba tare da fikof na musamman ba. Irin waɗannan ba su da jinkirin da hannu ke ji, amma ba sa iya ba da fiyano ko ƙaho na sosai. GR-55 da Roland ya fitar a 2011 ta haɗa hanyoyin biyu a akwati guda, Fishman TriplePlay ta 2013 kuma ta cire waya gaba ɗaya.

Ga makaɗin da ke ɗora kaya a Keke Napep daga Barnawa zuwa wurin biki a Kakuri, tambayar da ta fi jinkiri nauyi ita ce ko na'urar za ta kai ƙarshen taro lafiya. Wayar da ke haɗa fikof ɗin Roland da akwatinsa tana da ƙananan allurai 13 a bakinta, kuma ƙurar hunturu ko laimar damina na iya hana ɗaya daga cikinsu haɗuwa, sai tsirkiya guda ta ɓace ko ƙara ta cika lasifika. Wayar jita ta yau da kullum kowane mai gyaran rediyo zai liƙe ta da dalma cikin minti biyar, wannan kuwa sai an aika Legas, kasuwar Alaba, ko an jira mai zuwa daga waje. Wuta ma tana da nata hukunci. Idan aka ɗauke ta a tsakiyar waƙa aka tayar da janareta, jita da amfilifaya suna dawowa nan take, amma akwatin sintesaiza ƙaramar kwamfuta ce da sai ta ɗauki wasu sakanni tana farkawa, kuma duk gyaran sautin da ba a adana ba ya tafi. Na'ura marar waya ta tsira daga allurai, sai dai ta dogara ga batir, tana kuma aiki a zangon iska ɗaya da Wi-Fi ɗin wayoyin salula da ke cike da zaure.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da wannan wuri shi ne a riƙe sintesaiza a matsayin murya ta biyu, a bar asalin sautin jita yana tafiya ta wayarsa daban zuwa miksa, ta yadda idan akwatin ya mutu waƙa ba za ta tsaya ba, kuma kaifin bugun jitar zai rufe lattin sautin da ke biye da shi. Layin bas da za a yi da sintesaiza gara a buga shi a siraran tsirkiyoyi a umarci na'ura ta sauke amon ƙasa, dabarar da ke rage jiran daga milisakan 24 zuwa ƙasa da 10. Akwatin yana buƙatar ƙaramin batirin ajiya irin na kwamfuta tsakaninsa da soket, bakin wayar yana buƙatar murfi da burushi mai laushi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda zai sayi na hannu kuma ya kamata ya buga kowace tsirkiya ita kaɗai yana girgiza wayar a bakinta kafin ya biya.