Injin wasa wuƙa na hannu: ku duba wayoyinsa kafin ku haɗa shi da wuta

Wasa wuƙaƙe, gatura da fartanya sana'a ce mai ƙaramin jari, kuma tana kawo kuɗin cefane, musamman gab da Sallar Layya. Shi ya sa wasu iyalai a N'Djamena da sansanonin Guilmey da Kalambari suke haɗa kuɗi su sayi tsohon injin wasa na kan teburi a kasuwanni irin ta Dembe. Amma jin injin yana juyawa a gaban mai sayarwa ba shaida ba ce cewa lafiyarsa lau. Jikinsa ƙarfe ne. Idan waya ɗaya ta kware a ciki ta taɓa jikin, wuta na iya kashe wanda ya dafa shi, ko ta tayar da gobara a tsakanin bukkoki.

Da farko ku karanta ɗan allon da ke manne a jikin injin. Wutar Cadi bolt 220 ce, ko ta kamfanin wutar lantarki ko ta yawancin janaretoci. In an rubuta 220 ko 230, ya dace. In an rubuta 110 ko 120 kawai, irin na Amurka ne, kuma zai ƙone da zarar an sa masa wutar nan.

Kafin ku taɓa komai, ku zare filogi daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba. Sai ku bi wayar da yatsa daga filogi har inda ta shiga injin. Zafin rana yana busar da roba ta tsage, ɓeraye kuma suna cin ta. Wayar da ta tsage ko aka ɗaure da leda da salatif, a sauya ta gaba ɗaya. A nemi mai jijiya uku, mai kaurin murabba'in milimita 1.5.

Jijiyoyin nan uku kowace da aikinta. A injinan Turai na zamani, mai ruwan ƙasa ce ke ɗauke da wuta, shuɗiya ke mayar da ita, mai ratsin kore da rawaya kuwa ita ce wayar ƙasa. Tsofaffin injina na iya zuwa da wasu launuka, don haka kada a yi zato. Wayar ƙasa ita ce mai ceton rai: ana ɗaure ta a jikin ƙarfen injin, domin in wuta ta ɓalle ta bi ta can, ba ta jikin mutum ba. Sau da yawa a kayan hannu akan tarar an yanke ta. Kuma ba za ta yi amfani ba sai soket ɗin ma yana da haɗi da ƙasa.

Ku kai wa mai gyaran wuta ya gwada da mita. Tsakanin ƙafar ƙasa ta filogi da jikin injin, dole mita ta nuna akwai haɗi. Tsakanin sauran ƙafafu biyu da jikin injin kuwa, dole ta nuna babu. In ta nuna akwai, kada a kunna injin sai an gyara.

Idan an kunna, injin ya yi gurnani amma bai juya ba, a kashe nan take, in ba haka ba naɗin wayar cikinsa zai ƙone. Yawanci kwandansa ce ta mutu. Tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, saboda haka a bar wa gwani ya sauya ta da mai lamba iri ɗaya. Kada ku tura dutsen da hannu don ya tashi, domin yana juyawa kusan sau 2,800 a minti guda.

Ku ajiye injin a busasshen wuri, nesa da ciyawa, fetur da yara. Ku sa takalmin roba da tabarau yayin aiki.

Idan wuta ta kama mutum, kada ku taɓa shi da hannu. Ku zare filogi ko ku kashe janareta, ko ku ture shi da busasshen ice, sannan ku kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Ku karanta wa maƙwabcinku wannan bayani in bai iya karatu ba.