Rufi biyu a iyakar Ƙonni: na 2019 da na 2023

Daga Birnin Ƙonni zuwa Illelar Najeriya tafiyar ƴan mintuna ce a bayan kabu-kabu. Kasuwar Ƙonni tana ci ran Laraba, ta Illela ran Lahadi, kuma kusan fuskokin da ka gani a wannan su za ka tarar a waccan: dillalan shanu, masu albasa daga Galmi, ƴan canji da damin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya. Cikin shekara biyar an dakatar da wannan zirga-zirga sau biyu. Mutane kan haɗa su a baki ɗaya, su ce "lokacin da aka rufe boda", amma in aka auna su, ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko ya zo ne a watan Agusta na 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa ba tare da shawara da maƙwabta ba. Abin da ta sa a gaba shi ne shinkafar waje. Kowa a Ƙonni ya san hanyarta: a sauke ta a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ta shigo Nijar ta Gaya, ta kwana a manyan shaguna, daga nan babura da ƙananan motoci su yi ta jidarta buhu-buhu zuwa Sakkwato. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don a toshe fetur mai rahusa da ke tsallakowa, wanda ƴan ruwa-ruwa ke jerawa a kwalabe bakin titi. Wani abin dariya, ko na takaici, shi ne a Yamai ne Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka ranar 7 ga Yuli na shekarar. Tawada ba ta gama bushewa ba aka sa sarƙa a ƙofa.

Rufin ya daɗe, kusan wata 16. Sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe mashigai huɗu, Illela na cikinsu tare da Maigatari da Seme da Mfum. Ya yi ɓarna, babu musu. Albasa ba ta jiran gwamnati. In mota ta tsaya da ita a rana ƴan kwanaki, ruwa za ka ga yana ɗiga daga ƙasan buhunan, warin kuwa sai ya kori mai ita. Masu dabbobi sun rasa babbar kasuwarsu, ƴan dako da masu abinci a bakin duwan suka zauna hannu rabbana. Dattawa ma sun tuna cewa wannan ba shi ne karon Buhari na farko ba: ya taɓa rufe iyakar a 1984 yana mulkin soja, ta haɗu da fari, har yunwar shekarar ta samu suna El-Buhari a bakin mutanen Nijar.

Duk da haka rufin 2019 da kaya yake faɗa. Wutar lantarkin da Najeriya ke sayar wa Nijar ba ta ɗauke ba. Bankuna suna aiki. Hanyar Kwatano a buɗe take, magani da taki da kayan gyaran injuna suna isowa. Iyakar kuma doguwa ce, ta fi kilomita 1,400, yawancinta gonaki ne da daji, don haka ciniki ya bar kwalta ya koma ɓarauniyar hanya. Kuɗin ɗauko buhu ya tashi, masu shinge a hanya suka samu na cefane, talaka ya biya bambancin. Ba ina yabon fasa-ƙwauri ba ne, amma shi ya hana wancan rufi zama bala'i.

Na biyu daban ne tun daga tushe. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka taru a Abuja, shugaban Najeriya Bola Tinubu na jagoranta, suka yanke rufe iyakoki, da dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, da riƙe kadarorin gwamnatin Nijar a bankunan yankin, suka kuma ba sojojin mako guda ko a yi amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wuta, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga can yake zuwa. Tarayyar Afirka ta biyo baya, ta dakatar da Nijar daga ayyukanta a cikin watan. Wannan karon Benin ma ta rufe nata ɓangaren, gadar Gaya ta tsaya cik. Kayan da a da ke zuwa kai tsaye daga Kwatano sai da suka zagaya ta Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja ta cikin yankunan da ƴan bindiga ke tare hanya.

An ce sojoji aka nufa da horon. Wanda ya ji shi a jika shi ne mai walda da ya wuni yana jiran wuta, da mai sayar da ƙanƙara, da mai ciwon suga da maganinsa ke buƙatar sanyi. Ga kuma abin da 2019 bai taɓa kawowa ba, wato fargabar yaƙi. Duk mai duba taswira ya san in har sojoji za su shigo ta ƙasa, hanyar Sakkwato zuwa Ƙonni na cikin na farko. Mutumin da ƙanwarsa ke aure a Gwadabawa, ko wanda ya yi karatun allo a Sakkwato, da wa za a ce ya yi yaƙi? Shi ya sa turjiyar ta fito daga arewacin Najeriya kanta. Sanatocin Arewa sun ƙi amincewa da batun ƙarfin soja. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya je Yamai tare da Janar Abdulsalami Abubakar, Muhammadu Sanusi na biyu ya gana da Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ma ta je.

In tsawon lokaci za a bi, wannan rufin bai kai wata takwas ba. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka a watan Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ƴan kwanaki bayan haka. Rabin wancan ke nan. Amma ni a ganina ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba, kuma dalilin yana cikin abin da ya biyo baya. A 2020 da aka ɗaga sanda, kowa ya koma inda ya tsaya. Yaji aka yi, aka yi biko. A 2024 kuwa kafin a zo biko an riga an rubuta takarda. Tun ranar 16 ga Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES, ranar 28 ga Janairu 2024 suka sanar da ficewa daga CEDEAO, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Bazoum bai koma kujerarsa ba, wato abin da aka yi horon dominsa bai samu ba.

Za a iya cewa rufin 2023 ya fi na 2019 hujja a takarda, tunda CEDEAO na da ƙa'idar ƙin juyin mulki da Nijar ta sa wa hannu, shi kuwa Buhari ƙa'idar zirga-zirgar da ƙungiyar ta shimfiɗa tun 1979 ya taka. Gaskiya ne. Sai dai mai hujjar shi ya fi kuskuren lissafi, don ya ɗauka yunwa da duhu za su juya jama'a kan sojoji, sai suka juya su kan Abuja.

Yanzu motoci na wucewa tsakanin Ƙonni da Illela, CEDEAO ta kuma ce a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku da barin kayansu su shiga har sai an sake shawara. Wato ɗan kasuwar Malbaza ko na Illelar Adar da ke tsallakawa ran Lahadi, abin da a da haƙƙinsa ne a rubuce, yau da alfarma yake wucewa, kuma kowane ɓangare na iya janye ta.