Kafin Jirgin Ƙasa Ya Koma Kafanchan

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. Tun cikin 1927 garin ya zama mahaɗa, watau inda layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, reshe guda ya nufi Kaduna ta Zonkwa, ɗayan ya hau tsaunukan Jos, daga bisani aka ja shi har Maiduguri cikin 1964. Da harkar reluwe ta durƙushe, kasuwar garin ta ji a jikinta. Shi ya sa da aka ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a watan Maris na 2021, mutanen kudancin Jihar Kaduna suka sa rai. Amma akwai abin da ya kamata a warware tun kafin a sake jin kukan jirgi, kuma a wannan yanki ne aka ga misalinsa mafi muni.

Ran Litinin, 28 ga watan Maris na 2022, jirgin fasinja ya taso daga tashar Idu a Abuja da yamma zuwa Rigasa a Kaduna. Da ya kai tsakanin Katari da Rijana, cikin ƙaramar hukumar Kachia, bayan faɗuwar rana, sai nakiyar da 'yan ta'adda suka binne a kan layi ta tashi, jirgin ya tsaya cik. Maharan suka fito daga daji suna harbi. Aƙalla mutum 8 suka rasu, aka kora fiye da 60 cikin daji, har da mata da yara da tsofaffi. Sai ran 5 ga watan Oktoba aka sako 23 na ƙarshe, jirgin kuwa bai koma aiki ba sai 5 ga watan Disamba.

Abin takaici shi ne, jama'a sun koma jirgin ne don gudun masu garkuwa da mutane a babbar hanyar mota ta Abuja zuwa Kaduna. Kuma ba a ce harin ya zo ba labari ba, domin a watan Oktoba na 2021 an riga an tayar da nakiya a kan wannan layi kusa da Rijana. Bayan aukuwar masifar, Ministan Sufuri na lokacin, Mista Rotimi Amaechi, ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido na kimanin Naira miliyan dubu 3 ba a amince ba. Har ila yau an yi kwanaki ana gardama a kan yawan waɗanda ke cikin jirgin. Hukumar Jiragen Ƙasa ta ce fasinja 362 aka tantance, wasu rahotanni kuwa suka kawo adadin da ya ninka haka.

Da aka dawo da zirga-zirga, sai aka wajabta wa kowane fasinja nuna lambar shaidar zama ɗan ƙasa kafin ya sayi tikiti, aka kuma ƙara jami'an tsaro a cikin taragu. Wannan yana da amfani, musamman ga irin harin da aka kai tashar mota ta Nyanya ran 14 ga Afrilu 2014, ko jiragen birnin Madrid na Sifen cikin 2004, inda aka shigar da bam cikin taron matafiya. To amma maharan Katari ba su sayi tikiti ba, ba su kuma bi ta ƙofar tasha ba. Layin yana da tsawon kilomita 186, yawancinsa cikin daji, kuma taku kaɗan na ƙarfen dogo suka buƙata.

A nan ne zancen ya shafi Kafanchan kai tsaye. Tsohon layin yana ratsa duwatsun Kagoro da Manchok, da kwazazzabai da gadoji, wuraren da jirgi ke tafiya a hankali kuma motar soja ba ta isa da sauri. A zamanin da, reluwe na da leburori masu zama a gefen layi, kowane rukuni da yankinsa, suna taka shi da ƙafa suna duba ƙusoshi da katakon shimfiɗa. Mutumin da ke bin wuri guda kullum shi ke fara gane ƙasar da aka tona jiya da dare. Na'ura za ta iya nuna cewa an taɓa layi, amma sai da wanda zai amsa kiran cikin 'yan mintoci, da hanyar da zai bi, da rediyon da zai tsayar da direba.

Su ma ƙauyukan da ke bakin layin, manoma da makiyaya, su ne ke ganin baƙi a kan babura tun kafin hukuma ta sani. A yankin da rikici ya daɗe yana raba maƙwabta, samun su duka su kai rahoto wuri guda ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba wanda zai buɗe baki matuƙar yana tsoron sunansa zai koma kunnen 'yan bindiga. Aikin sarakuna da hakimai ne da shugabannin addini, kuma babu shi cikin takardar kwangilar shimfiɗa dogo.