2.3 Dangantakar Gudu da Nisan Tsayawar Mota

Hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa Boɗinga da Shagari, inda motoci ke cuɗanya da amalanke da dabbobi. Dokar motsi ta farko, wadda Isaac Newton ya wallafa a 1687, ta bayyana cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. A mota, ƙarfin nan shi ne gogayyar taya da kwalta. Kuzarin motsi kuwa yakan ninku sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Saboda haka, motar da birki ke tsayarwa cikin mita 14 a gudun kilomita 50 cikin awa tana buƙatar kimanin mita 56 a gudun kilomita 100. Idan jaki ya gitta a mita 30, direban farko ne kaɗai ke da damar tsayawa.