KARATUN YARO BA YA ƘAREWA A ƘOFAR LAKWAL

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Guna, cikin gundumar Mirya, ku saurara.

Kowace shekara cikin watan Oktoba ake buɗe lakwal. Lokacin nan ne kuma ake girbin hatsi da roron wake. Yara da yawa ba su shiga aji sai an gama kai damma rumbu. Waɗansu kuma suna zuwa, amma da sun komo gida sai su aje kaye, ba su sake buɗa shi sai gobe. Ta haka yaro yake shekara 6 a lakwal, ya fito bai iya karanta wasiƙa ba. Uba ya rasa mai taya shi aiki, bai kuwa samu mai karatu ba. Asara biyu ke nan.

Maganin abin yana cikin garinmu. Ku dubi makarantar allo. Malam ba ya ƙara wa almajiri karatu sai ya biya na jiya. Ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Bayan haka ga tilawa safe da dare. A shekarar 1885 wani masani na ƙasar Jamus, mai suna Ebingaus, ya gwada ya gane abu guda: mutum ya fi saurin mantuwa jim kaɗan bayan ya koyi abu. In ya maimaita, ya bari kwana ya shiga, ya sake maimaitawa, sai abin ya zauna.

Saboda haka karatun yau, a biya shi yau. A tsai da lokaci guda, kamar bayan magariba. Rabin awa kullum ya fi kwana zaune ranar jajibirin jarrabawa. Da yayyafi kogi kan cika. A ba yaro tabarma da fitila, a kashe rediyo, a aje salula. Ya karanta, ya rufe kaye, ya faɗa da ka. Inda ya kakare, ya buɗe ya duba, gobe ya tambayi mushe.

Kada ka ce ai ni ban ji Faransanci ba. Ka ce masa: "Gaya mini da Hausa abin da kuka koya yau." In ya iya yi maka bayani, ya gane. In bai iya ba, haddar aku ce ya yi. Harshenmu harshen karatu ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda yara suka fara karatu da Hausa. A 2025 kuma aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar.

Ka sa shi lissafi da abin gida: damma nawa aka samu, tiya nawa aka sayar, awaki nawa suka komo daga kiwo. Kai da ka shiga yaƙi da jahilci, ka zauna ku karanta jaridar nan tare.

Uwaye mata, ɗiya mace ma tana da nata rabin awa. Daka da ɗiban ruwa da talla kada su cinye shi. A raba aikin tsakanin yara. Kowa ya kwanta da wuri, don yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 ko fiye. Da safe ya sha koko ko fura kafin ya fita.

A fara daga daren yau. Allah ya raya mana su, ya sa albarka ga karatunsu.