Labarin Ma'aikatar Bindigogi ta Kaduna da Yadda Kasuwa ta Karya ta

Jama'a masu karatu, malamai da fatake, ga wani al'amari mai ban mamaki wanda ya kamata mu tsaya mu dube shi da idon basira. A zamanin nan babu hajar da ta yaɗu cikin ƙasarmu kamar bindiga, har ta kai manomi a yammacin Katsina ba ya zuwa gona sai da fargaba. Amma duk da wannan yawa nata, masu ƙera ta sai karyewa suke yi, manya da ƙanana. To, ta yaya haja za ta yi kasuwa, mai ita kuwa ya tsiyace?

Mu mutanen Daura mun san darajar maƙeri tun kaka da kakanni. Masu ba da labari sun ce wuƙar da Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa a kan hanyarsa ta zuwa nan. Da bindiga ta shigo ƙasar Hausa ta hannun fatake, sai maƙera suka koyi gyaranta, daga gyara suka kai ga ƙira. Ita ce wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, wadda samari ke kira harba-ka-ruga, wadda 'yan bindigar Sarki ke bugawa ran hawan Salla da na Gani har hayaƙi ya turnuƙe ƙofar fada. Turawa ma da gangan suka bar mu da irinta, gama a yarjejeniyar da suka ƙulla a babban birnin Baljiyam cikin 1890 sun hana a sayar wa galibin mutanen Afirka bindigar zamani, sai mai ƙyastu da albarushin fatauci. Abin lura a nan shi ne, maharbi sau ɗaya yake sayen bindiga, in ya mutu ɗansa ya gada. Mai sayar da albarushi kuwa, kowane rani sai maharbin ya koma masa. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi gaba.

Bayan an sami mulkin kai a 1960, sai shugabanni suka ga bai kamata ƙasa mai 'yanci ta dogara ga baƙi ba wajen makaman sojanta, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka a 1964, zamanin da marigayi Alhaji Muhammadu Ribaɗu ke riƙe da Ma'aikatar Tsaro, Majalisa ta yi dokar da ta kafa hukumar ƙera kayan yaƙi, wadda yanzu ake kira DICON. Aka gina ma'aikatarta a Kakuri cikin Kaduna. Wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner shi ya ɗauki kwangilar, ya kafa injuna, ya kawo gwanayensa, aka kuma karɓo lasin daga kamfanin Beretta na Italiya don a riƙa ƙera irin bindigarsa da ake kira BM59. An tsara ma'aikatar ta riƙa fid da irin wannan bindiga 5,000 a shekara, da harsasanta miliyan 12.

Ba a daɗe ba sai yaƙin basasa ya ɓarke, cikin watan Yuli 1967. Kafin yaƙin sojan Nijeriya bai fi kamar mutum 10,000 ba, amma kafin a ƙare sun kai wajen 250,000. To, fatake, ku buga lissafi. In ana fid da bindiga 5,000 a shekara, sai an shekara 48 kafin kowane sabon soja ya sami tasa. Ko da an ninka aikin sau uku, ana kwana ana aiki, sai an shekara 16. Yaƙi kuwa ba ya jira. Amurka ta ƙi sayar wa Gwamnatin Tarayya makamai, sai aka nufi Ingila da Rasha da wasu ƙasashe, aka yi ta jido bindigogi iri-iri a jiragen ruwa. Wato a daidai lokacin da kasuwa ta fi ci, yawancin cinikin ya tafi hannun baƙi.

Ran 15 ga Janairu 1970 aka ajiye makamai. Wannan rana ta murna ce ga kowa, amma ga ma'aikatar Kakuri ita ce mafarin wahala. Rumbunan soja sun cika maƙil da bindigogin da aka sayo, ga waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan tawaye, ga kuma maganar rage yawan soja. Wa zai sayi sabuwa? Dokar bindigogi ta 1959 ta hana farar hula riƙe irin ta yaƙi, kuma daidai ne ta hana. Ƙasashen waje ba za su baro masu asalin sana'a su zo Kaduna ba. Ashe ma'aikatar mai saye ɗaya tak gare ta, wato Gwamnati. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san halin wanda ke da abokin ciniki guda: shi zai yanka maka kuɗi, shi zai sa ranar biya, in kuwa ya ga dama ya juya ya saya a wani wuri, ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. A 1972 hukumar ta karye.

Da yake ta Gwamnati ce, ba a yi gwanjonta ba, an dai bar ta tana numfashi sama-sama. Don a sami na biyan ma'aikata, sai aka juya injunan ga yin kujeru da tebura, da kayan gyaran injuna, da kayan jawo ruwa na ƙauyuka. Ni a ganina famfon rijiya ba abin rainawa ba ne, wanda duk ya taɓa jan guga a rani zai shaida. Amma injin da aka saya da tsada don ya huda bututun ƙarfe daidai wa daida, in aka sa shi gasa da kafintan bakin kasuwa, kafinta ne zai ci, domin ba shi da bashin kowa a wuyansa. An yi ƙoƙarin tashin ta ba sau ɗaya ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka ƙulla da kamfanin FN na Baljiyam don a ƙera bindigarsa FAL, sa'an nan a mulkin Obasanjo na farar hula aka fito da wata mai kama da AK-47, aka raɗa mata suna OBJ-006. Duk da haka soja ba su daina saye daga waje ba.

Kada wani ya ce wannan sakacin baƙar fata ne kawai. Ga labarin Remington na Amurka. Wani saurayi ɗan maƙeri, Eliphalet Remington, shi ya fara shi a 1816 a maƙerar ubansa cikin jihar Niyok, har abin ya zama babbar ma'aikata a garin Ilion. Bindigarsu ce sojan Masar suka riƙe, ita ce kuma mutanen Mahadi suka kwashe ganima da suka halaka rundunar Hicks a Sudan cikin 1883. Kamfanin ya taɓa durƙushewa a 1886, waɗansu attajirai suka saye shi a 1888. A 2007 wani kamfanin masu juya kuɗi, Cerberus, ya saye shi, aka yi ta ɗora masa bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma nasa ya kusa dala miliyan 950. Ga shi kuma irin bindigar da aka fi nema a can, AR-15, kamfanoni barkatai ke yin ta, kowa yana karya kuɗi. Mutane sun yi ta saye saboda tsoron za a yi dokar hanawa, da aka zaɓi Trump a 2016 tsoron ya kau, sai kaya suka kwanta. Kamfanin ya kai kansa kotu a kan ya kasa biyan bashi a 2018, ya sake komawa a 2020, aka yanyanka shi aka sayar. To, ga inda maganar maharbi da mai albarushi ta dawo: sashen yin harsashi dala miliyan 81 da 'yan kai aka saye shi, sashen ƙera bindigogin Remington kuwa miliyan 13. Sunan yana nan a hannun waɗansu, amma ma'aikatar Ilion an rufe ta cikin watan Maris 2024.

Ita kuwa AK-47, wadda Mika'ilu Kalashnikov na Rasha ya tsara a 1947, ita ce ta fi ɓata wa kowa ciniki. Ba ta da wuyar ƙira, ƙura ba ta hana ta tashi, Sin da ƙasashe da dama sun kwaikwaye ta, har an ƙiyasta ita da danginta sun kai wajen miliyan 100 a duniya. Ba ta ruɓewa kamar gyaɗa, ba ta tsagewa kamar turmin atamfa. Wadda aka yi shekara hamsin da suka wuce tana nan tana gasa da ta bana, kuma ɗan fasa-ƙwauri ba ya biyan kwastan balle albashin ma'aikata. Da mulkin Gaddafi ya faɗi a 2011 aka fasa rumbunan makaman Libiya, kaya suka gangaro ta hamada, kan iyakarmu da Nijar kuwa doguwa ce, ba ƙofar Kongwalam kaɗai ake bi ba. Mun ga abin da ya biyo baya. Ran 1 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. A Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Karyewar maƙeri ba ta rage ko bindiga ɗaya a daji ba.

A watan Nuwamba 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta 1964, ta buɗe wa hukumar hanyar haɗa jari da 'yan kasuwa. Wanda duk aka yi wa tayin ya sa kuɗinsa ciki, kafin a zagaya da shi kallon injuna, sai ya nemi a nuna masa littafin ciniki: bindiga nawa soja da 'yan sanda da kwastan suka ɗauka daga Kakuri bara, harsashi nawa, kuma wata nawa aka yi kafin Baitulmali ya biya.