Katako Mai Ɗorewa da Kula da Gandun Daji

Katako mai ɗorewa shi ne wanda aka samo daga dajin da ba a sare masa fiye da abin da zai iya mayarwa. Wannan ma'auni ya daɗe. Tun a 1713 Hans Carl von Carlowitz, jami'in ma'adinai a yankin Saksoni na Jamus, ya lura cewa haƙar azurfa da narka ta na cinye dazuzzuka, ya rubuta littafi yana kira da a daidaita sara da tsiro.

A aikace, malaman daji kan fara da ƙidayar itatuwa da auna kaurinsu. Sai a kasa gandun daji kashi-kashi, kowace shekara a shiga kashi ɗaya. A Kamaru, kashin da aka sara ba a komawa cikinsa sai bayan shekara 30. Itacen da kaurinsa bai kai ƙa'ida ba ba a taɓa shi, ana kuma barin wasu manya su zubar da iri. Ba a sara a bakin rafi, kuma tun kafin a tada injin zarto ake shata hanyar jan gungume, don kada a murƙushe ƙananan itatuwa. Haƙƙin mazauna gefen dajin, masu samun magani da zuma da kiwo a cikinsa, da lafiyar ma'aikata duk suna cikin sharuɗɗan.

Da yake mai saye ba ya ganin dajin, sai aka ƙirƙiro tambarin shaida. Ƙungiyar FSC da aka kafa a 1993 da PEFC ta 1999 su ne manya a wannan fanni. Masu bincike masu zaman kansu ne ke duba dajin, sannan su bi sawun katakon daga kututture zuwa kanti.

Labarin madobiya ya nuna abin da ke faruwa idan babu wannan tsari. Kasuwar kayan ɗaki a Sin ta sa aka yi ta sararta a Taraba da Adamawa da Kogi, alhali itaciya ce mai jinkirin girma, wadda makiyaya ke dogaro da ganyenta da rani. A 2016 aka saka ta a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wanda ke wajabta hujjar cewa fitar da ita ba zai cutar da jinsinta ba. Rashin gamsasshiyar hujja ya sa aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018.